Kaskon Wutar Nomau Wanzami

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayin tafiya, ya halicci zuciya ya ɓoye mata inda hutunta yake. Ni ne Nomau wanzami, ɗan Barmo wanzami. Abin da zan ba ku labari na gan shi da idona, na taɓa shi da hannuna, kuma har yau yatsun ƙafata ta hagu suna ɗauke da shaidarsa.

A garinmu babu kan da bai bi ta hannuna ba. Duk wanda ya san wanzanci kuwa ya san ba gashi kaɗai mutum ke zubarwa a gaban wanzami ba. Da zarar aska ta hau kai, baki ya buɗe ke nan. Wannan ƙanensa ya cinye masa gona, wancan surukinsa ya hana shi sakat, wani kuma mafarkin da ya yi zai kwashe ya juye mini. Su tashi da kai fes, ni in tashi da nawa dam. In na koma gida, gidanmu babban gida ne, ko tari ka yi sai an leƙo an tambaye ka me ka ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. In na ta da kabbara, kafin in kai ruku'u na raba gonar wani, na sasanta wani da surukinsa, in sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Na ji haushin kaina, daga nan na fara jin haushin mutane.

Yayata Tabawa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar iyayenmu, ta ce gajiya ce kawai, in sha kunu in kwanta. Na ce mata natsuwa nake nema, ko a bayan duniya take sai na je na ɗauko ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai tafi da zabirarka, ka san ba abin da ka iya sai ita."

Na bi ayarin fatake har fatauci ya ƙare, na bi makiyaya har ciyawa ta ƙare. Na ƙetare wani kogi da ke gudu gabas da safe ya komo yamma da la'asar. Na ratsa dajin da itatuwansa ke matsawa su ba baƙo hanya, su sake haɗewa a bayansa. Duk inda na sauka, kafin ƙafata ta huce sai in ji ba nan ba ne, in sake ɗaukar zabira. A haka na iso bakin wata doguwar ganuwa ta baƙin dutse, mai ƙofa ɗaya tal, da 'yar bukka a gefenta.

Mai tsaron ƙofar wata tsohuwa ce, ana ce da ita Iya Hankurau. Ta ce mini wannan ita ce ƙasar Rumzu, kuma ba a shigarta hannu sake. Ta ɗauko wani ɗan kasko mai murfi da igiyar ratayawa, ta ɗebi garwashi ɗaya daga murhunta ta sa a ciki, ta rataya mini a wuya. Ta ce muddin ina cikin ƙasar, raina yana ɗaure da wannan garwashi: in ya mutu, ni ma na zama toka. Gawayin ciyar da shi yana nan barbaje a ƙasa kamar tsakuwa, amma ƙyastu ba ya kamawa a Rumzu, kuma numfashin mutum ba ya hura garwashin kansa, sai na wani.

Na tambaye ta ina ake samun natsuwa a ƙasar. Ta ce wasu sun ce a birni, wasu sun ce a kan dutse. Na ce ita fa me ta gani? Ta ce ita ƙofa take tsaro. Sai ta buɗe nata kaskon ta miƙo mini ta ce in hura. Na hura don in rabu da ita, na ɗauka al'adar shiga ce kawai. Ta mayar da murfi, ta shige bukka ta saki asabari, ko sai an jima ba ta ce mini ba. A raina na ce wannan tsohuwa ba ta san darajar baƙo ba.

Birnin Wangale na fara isa. Tun daga nesa na ji shi, kamar kasuwa ta ci ba ta watse ba. Babu ɗaki mai ƙyaure a birnin kaf, babu katanga da ta wuce ƙugu. A bakin shiga akwai tulin murafan kasake da baƙi suka zubar, don a wurinsu rufe kasko zagi ne. Ni dai halin wanzami, ba na yar da abu, na faki ido na cusa nawa cikin zabira.

Gaisuwarsu ita ce hura wuta. Kowa ya gamu da kai sai ya sunkuya ya hura kaskonka, kai ma ka hura nasa. Wani ƙato mai suna Duna, mai dariya kamar ana gangara ganga, shi ya fara hura mini, kuma nan take ya ce ni baƙonsa ne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin birnin nan. Garwashina ya yi jajir, jikina ya yi sakayau, na ci a akushi ɗaya da mutanen da ban san sunansu ba, na yi dariyar da rabona da ita tun ina yaro. Ba a barin mara lafiya shi kaɗai, ba a barin baƙo da yunwa. Har na fara cewa ashe mutanen garinmu ne ba su iya zama ba.

Sai da na kwana biyu na fara lura. Ba wanda ke kai maganarsa ƙarshe, don kafin ya kai wani ya tare shi da gaisuwa. Hannun kowa kullum yana ƙasa yana tsintar gawayi, saboda wutar da ake hurawa ba ƙaƙƙautawa ci take yi. Samari da furfura, idanu ja, ba mai barcin kirki. In na tsaya salla sai masu wucewa su sunkuya su hura mini ina tsakiyar Fatiha, su wuce suna jin sun kyauta. Wata rana na lallaɓa bayan wani rumbu na zauna don in ji kaina. Ban daɗe ba aka gano ni. Mata suka fashe da kuka, aka ce ciwon kaɗaici ya kama baƙon Duna, aka haɗa ni da 'yan rakiya waɗanda ko bayan gida zan shiga sai su tsaya ta kan katanga suna yi mini hira.

Ranar sunan jikan Duna abin ya faru. Birnin duka yana son mutumin nan, don haka aka yi layi ana hura masa. Na ga garwashinsa ya tashi daga ja ya koma fari, na ji kaskon ya yi ƙara. Na ce a dakata, amma wa zai ji ni cikin kalangu? Wutar ta yi sama sau ɗaya ta mutu. Duna yana tsaye, baki buɗe da dariya, ya zama toka, ya zube a kan tabarma. Suka yi kuka na gaske, gaba ɗayansu, suna rungume da juna. Aka share shi aka kai makwanci, kafin la'asar kiɗa ya dawo. Na leƙa nawa kaskon, na ga ƙwayar garwashin ta ragu ta koma kamar ƙwayar wake, gawayin da nake zubawa ba ya cim mata. Tsoro ya kama ni, kuma na yi baƙin cikin rashin Duna, don mutumin kirki ne.

Gudu nake so, amma yaya mutum zai gudu da 'yan rakiya manne da shi? Sai na tuna maganar Tabawa a kan zabirata. Na sanar cewa zan yi wa unguwa aski kyauta don tunawa da Duna, irin askin ƙasarmu. Na ce a wurinmu waɗanda za a yi wa aski zama suke yi a da'ira, kowa yana fuskantar ƙeyar na gabansa, ido a rufe, ana waƙa har wanzami ya gama. Abin ya burge su, don duk abin da za a yi tare suna so. Na zaunar da su har da 'yan rakiyata, na bi na jiƙa wa kowa kai, na aske wa mutum biyu rabi rabi don a ji motsin aska. Waƙa ta kankama. Kowa ya ɗauka ina kan wani. Na ɗauki zabirata, na ciro murfi na rufe kaskona, na bi ta bayan rumbuna na fice. Har na yi nisa ina jin amshinsu.

Daga can na nufi Dutsen Tsit, wanda ake hangowa daga ko'ina a ƙasar. Dutse ne mai koguna birjik, kowane kogo da mutum ɗaya a ciki, kowane mutum da kaskonsa a rufe, an lulluɓe garwashin da toka don ya daɗe. Al'adarsu ita ce in biyu suka yi kiciɓis a hanyar marmaro, kowa ya juya fuska ga dutse har ɗayan ya wuce. Ba sallama, ba amsawa. Na samu kogon da ba kowa na shiga. 'Ya'yan itace suna nan a gangare, ruwa yana nan.

Sallar da na fara yi a kogon nan ba zan manta da ita ba. Na ta da kabbara, na jira gonar wani ta faɗo mini, ba ta zo ba. Na ji kowace kalma tana fita daga bakina tana sauka inda ya kamata. Da na sallame sai na ga hawaye ya jiƙa mini gemu. Na ce alhamdu lillahi, tafiya ta ƙare.

A kogon da ke fuskantar nawa, ƙetaren wani kwazazzabo, akwai wani bawan Allah da ke zaune ya harɗe ƙafafu, kai a sunkuye. Duk lokacin da na duba yana nan yadda yake. Ban taɓa ganin ya tashi ɗiban ruwa ba, ban taɓa ganin ya kori ƙuda ba. Na ce wannan shi ne ya kai, na mai da shi malamina ba tare da ya sani ba. In ƙafata ta yi sanyi ina son miƙewa, sai in dube shi in ji kunya in koma in zauna. Na rage fita, na rage ci. Damina ta zo ta wuce.

Sannu a hankali daɗin ya fara canza ɗanɗano. Kukan tsuntsu ya fara ba ni haushi. Na fara ganin mutanen garinmu a raina kamar kaji, ina jin na fi su. Sallar da ta sa ni kuka ta koma tashi da sunkuyawa, babu gonar kowa a ciki, amma ni ma ba na ciki. Wata safiya na nemi fuskar Tabawa a zuciyata na rasa, sai muryarta kawai, ita ma daga nesa. Da na zo alwala na ga yatsun ƙafata ta hagu sun yi fari-fari, na matsa ban ji komai ba. Na buɗe kasko na tone toka. Garwashin ya yi duhu, ɗan ja kaɗan ne ya rage a tsakiya, na kara masa gawayi ya ƙi kamawa. Na hura, na hura, har kaina ya yi jiri. Ko motsi bai yi ba, kamar yadda tsohuwar ta faɗa.

Na ce bari in karya al'ada in je wurin malamina, shi da ya daɗe a nan ya san dabara. Na gangara kwazazzabon ina ɗingishi, na hau, na durƙusa a gabansa na yi sallama da muryar da ta dushe don rashin amfani. Bai amsa ba. Na ce, "Malam, ka gafarce ni, wutata ce za ta mutu." Na kai hannu na taɓa kafaɗarsa. Kafaɗar ta rufta, kan ya biyo ta, mutumin gaba ɗaya ya zube a gabana, ƙurarsa ta shiga mini hanci. Kaskonsa ya gangaro, sanyi ƙalau, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ashe duk zaman nan da tulin toka nake gasa.

Na fita a guje ina bin koguna. Wasu na tarar toka ne. Waɗanda ke da rai kuwa da sun ji takuna sai su juya fuska ga dutse. Na roƙa, na yi magiya, ba wanda ya waiwayo. Sanyin ya hau daga yatsu ya kama idon sawu. A kogo na can ƙarshe na sami wani tsoho siriri, gashi ya rufe masa fuska, hannunsa ɗaya ya riga ya yi fari har gwiwar hannu. Shi ma ya juya mini baya. Ban sake roƙo ba. Na zagaya na fizge murfin kaskonsa, na tone tokar da yatsa, na sunkuya na hura da duk sauran ƙarfina.

Garwashinsa ya yi ja. Tsohon ya ja dogon numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya buɗe ido, abin da ya fara yi kuma shi ne ya zabga mini mari.

Ya ce, "Wa ya ba ka izini? Ka san tun yaushe nake tsare da shiruna?"

Na ce, "Baba, ka ƙara mini wani marin in kana so. Amma ka hura mini tukuna."

Ya dube ni, ya dubi hannunsa da jini ya fara komawa. Sai ya jawo kaskona ya hura. Numfashin tsoho ne, ba ƙarfi, amma na ji ɗumi ya sauko mini har ƙafa, ya tsaya a yatsun nan da suka riga suka tafi. Muka zauna muna kuka, kowa yana kallon wani gefe.

Sunansa Arzika. A Wangale aka haife shi, ya gudo yana saurayi bayan wutar mahaifiyarsa ta cinye a gabansa. Muka sake zagaya kogunan muna hura wa waɗanda suka bari, wasu suka biyo mu da zagi, wasu suka mayar da murfi suka juya baya. Daga nan muka kama hanyar ganuwa mu biyu.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Ni bakina ya buɗe bayan dogon shiru, na dinga zuba, na ba shi labarin gonar kowa a garinmu. Shi kuwa ko tarina ba ya so. Muka yi faɗa, ya yi gaba na yi baya, kafin azahar sanyi ya fara kama mu, muka nemi juna muna hararar juna muka hura. Daga baya ya kafa mini sharaɗi: in na ga murfinsa a rufe, kada in ce masa ko sannu, in ya buɗe, in faɗi abin da zan faɗa. Na ce to ni ma haka. Ya yi tsaki ya ce bai taɓa ganin na rufe ba. Amma na fara rufewa, musamman in zan yi salla, shi kuma sai ya koma gefe ya zauna yana kore mini awakin daji.

Da muka iso ƙofa muka tarar asabarin Iya Hankurau a sake. Na buɗe baki zan yi sallama, Arzika ya taka mini ƙafa. Muka zauna a inuwa muka jira har ta ga dama ta fito. Ta dubi yatsuna, ta dubi hannun Arzika. Ta buɗe kaskonta ta miƙo. A wannan karon na leƙa ciki kafin in hura: garwashi ne babba, ja mai kyau, ba ya ci ba ya dushewa, a wuyan matar da ta girmi kowa a Wangale nesa ba kusa ba. Na hura a hankali.

Arzika ya ce shi ba shi da kowa a wajen ganuwa, ba inda za shi. Tsohuwar ta nuna masa wani kangon bukka a ƙetaren hanya ta ce, "Ga can. Ba zan ji tarinka ba, amma zan ga hayaƙinka. In na wayi gari ban gani ba, zan zo." Ya yi gunaguni ya ce rufin ya lalace, ya tafi duba shi. Ta cire kaskon daga wuyana ta juye garwashin cikin murhunta, inda take ɗibar wa baƙi. Na yi sallama da Arzika, murfinsa a buɗe, ya ce in gaida Tabawa da duk masu gonaki.

Da na iso gida Tabawa tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Ka samo?" Na ce na samo kaɗan. Ta dubi ƙafata ta ce kuma ka bar yatsu a can. Na gina ɗan ɗaki a bayan gida na sa masa ƙyaure. Da safe ina zaure ina aski ina shan labari, in rana ta take in shige in rufe, Tabawa kuma ta kori duk mai nemana, har da masu cewa maganar minti ɗaya ce. Ba zan ce muku na warke sarai ba. Wata ranar har yanzu nakan raba gona a ruku'u, ƙafata kuma takan yi ƙaiƙayi in na ga ayari.

A unguwarmu akwai wani maɗinki, Malam Bawa, wanda tun da matarsa ta rasu ya daina fita. Mutane suna yabonsa, suna cewa mutumin Allah ne, ba ruwansa da kowa. Kafin tafiyata ni ma har hassadarsa nake yi. Bayan dawowata da ɗan lokaci na ɗauki zabira na nufi gidansa ba tare da an kira ni ba. Na yi sallama ba a amsa ba, na shiga. Yana zaune a kan buzu ya ba ƙofa baya, gashi ya cika masa kai, murhu a sanyaye. Gabana ya faɗi. Na matsa na taɓa kafaɗarsa.

Kafaɗar ba ta rufta ba. Ya juyo a fusace ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ba kowa, Malam. Sunkuyo."

Na jiƙa masa kai. Aska ba ta kai tsakiya ba ya fara ba ni labarin matarsa, yadda take dafa masa ɗanwake, da abin da ta ce masa ranar da za ta rasu. Na rage saurin hannu don kada askin ya ƙare kafin labarin. Da na gama na hura masa wuta a murhu, na ce zan dawo jibi, ya ce ba ya bukata, na ce na ji.

Iyakar abin da na gani ke nan, Allah shi ne masanin sauran. Ran nan na koma gida na shige ɗakina na ja ƙyaure, na yi sallar azahar, kuma na san raka'a huɗu na yi.